Waƙar da Ba Ka Rubuta wa Dije Ba

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina fata Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takardar ba za ta iso gare ka ba. Babu adireshin da zan rubuta a bayan ambulan, kuma ko da akwai, kai da ka saba ajiye wasiƙu a kan firiji har a manta da su, ban ga ranar da za ka buɗe ta ba. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk wanda na nufa da ita sai ya ce in yi haƙuri. Haƙurin ina yi. Faɗa nake so in yi, kuma da kai.

An yi wasanka. Asabar ɗin da ta wuce aka yi shi, a zauren taron nan na Beltsville inda ake walimar suna. Zan gaya maka yadda ta kaya, amma bari in ɗauko daga tushe, tunda kullum kana cewa daga ƙarshe nake fara labari kamar mai ba likita rahoton majiyyaci.

Ka tuna ranar da ka shigo da kaset ɗin nan? Ba mu daɗe da zuwa ƙasar nan ba, muna ƙaramin gidan haya na Wheaton, kai ka fara aiki a sashen Hausa na gidan rediyo, ni ina fama da jarrabawar da za ta ba ni izinin aikin nas a nan. Laburaren unguwa ya fitar da tsofaffin kaset-kaset, ka tsinto shi a cikin kwali. Ka shigo ko takalmi ba ka cire ba, kana cewa ka gamu da tsohon abokinka. Na zaci mutum ne, har na tashi zan ƙara shinkafa. Ashe fim ne, tsohon fim na Turawa da ka kalla a silima a Kaduna kana ɗalibi.

Kai ka koya mini kalmar opera. Ka ce wasa ne na dandamali da ake rera shi tun daga buɗe labule har rufewa, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera. Ka ce masu fim sun ɗauko irin wannan wasan, suka rage waƙoƙin, suka cusa magana a tsakaninsu, suka ɗauke labarin daga ƙasar da aka haife shi suka dasa shi a bakin wani kogi na Amurka. Har ka gaya mini muryar da ke fitowa daga bakin yarinyar ba tata ba ce, wata mawaƙiya ce daban, ita leɓe kawai take motsawa. Na ce to ashe ma yaudara ce. Ka ce kai ma a rediyo shugaban wata ƙasa yakan yi magana da Faransanci, mutanen Yawuri su ji shi da muryarka, kuma ba wanda ya taɓa kiranka mayaudari.

Labarin kuwa, ko daga barci aka tashe ni zan faɗe shi. Yarinya ce 'yar mai fito, ubanta na ƙetarar da mutane kogi a jirgin ruwa. Wani saurayi injiniya ya zo gina gadar da za ta kashe sana'ar uban. Suka so juna. Tana da ciwon ƙirji, ta ɓoye masa. Don kada ya ɗaure rayuwarsa da mai mutuwa, sai ta yi masa ƙarya cewa wani attajirin garin take so. Ya yi fushi ya tafi. Ranar buɗe gada ya dawo, ya ji gaskiya, ya ruga wurinta, ta yi masa doguwar waƙa, ta mutu a hannunsa mutanen gari na biki a waje. Abin da ka yi shekaru kana share hawaye a kansa ke nan duk Lahadi bayan la'asar.

Ban taɓa ɓoye maka ba, fim ɗin haushi yake ba ni. Tun a fitowarta ta farko yarinyar ta yi tari a cikin hankici, na ce tarin fuka ne, a kai ta asibiti. Ka ce in yi shiru, a irin wannan labarin tari alkawari ne da mai labari yake yi wa mai kallo, don ya shirya zuciyarsa. Na ce me ya sa mutum yana magana lafiya lau sai ya ɓarke da waƙa, ga kiɗa ba a ga makaɗa ba? Ka ce idan magana ta cika ta kai wuya ba ta da hanyar fita sai waƙa, ka tambaye ni ko a tatsuniyar kakata yarinyar da aka jefa rijiya magana take yi ko rerawa. Na ce mutanen garin nan fa, ba su da aikin yi ne? Kowa ya ajiye abin da ke hannunsa, su jeru suna amshi, kuma duk sirrin da ake ɓoyewa sun riga sun sani. Ka yi dariya har ka ƙware, ka ce ai wannan ne kaɗai abin da babu ƙari a cikinsa, in je gidan biki a Springfield in gani. Ka nuna mini yadda kowa yake da takensa, kiɗan da ake saki kafin ya shigo, har ta kai ina kicin in na ji ƙaho mai kauri na san attajirin ya iso.

Duk waɗannan na bar maka. Abu biyu ne ban taɓa yarda da su ba. Na farko, ƙaryar da ta yi masa, alhali jimla ɗaya ce za ta warware komai: ba ni da lafiya. Na biyu, waƙar ƙarshe. Baban Ummi, ni nas ce. Na tsaya a kan mutanen da huhunsu ya ƙare. Ba sa waƙa. Ko ruwa ba sa iya roƙa, da ido suke nuna kofi. Kai kuma ka ce ba da huhu take waƙar ba, mai labarin ne ya buɗe mana ƙirjinta mu ji abin da ke ciki, tunda a rayuwa ba a ba mu wannan damar. Na ce wannan magana ce ta ɗan jarida. Ka ce tawa kuma ta mai allura ce. Haka muka yi ta yi. Kaset ya tsinke ka sayi faifai, muka tashi daga Wheaton, Ummi ta girma a tsakiyar gardamarmu.

Ummi ce ma dalilin da ya sa ka ce za ka mayar da shi Hausa. Ka gaji da yi mata magana tana amsa maka da Turanci. Ta shiga jami'a gaisuwa kaɗai ta rage a bakinta. Amma ka lura duk waƙar da ta ji takan zauna mata, ko da wane yare ce. Sai ka ce tunda Turawa sun ɗauke labarin daga wata ƙasa sun kai shi tasu, kai ma za ka kai shi Yawuri, bakin kogin da ka yi wanka kana yaro. Yarinyar ta zama Dije, jirgin ya zama kwale-kwale. Ka ba Ummi Dije, ka ba Faruku ɗan gidan Dokta Bashir injiniya. Ka jawo abokin aikinka Malam Lawali, mutumin Gaya ta Nijar, ya riƙe kiɗa da na'urori. Hajiya Rabi, shugabar matan ƙungiyarmu, ta tattaro matanta su zama mutanen gari.

Ɗakinmu na ƙasa ya koma gidan wasa. Duk Asabar in dawo daga duti ƙafafuna sun kumbura, in tarar da takalma sun cika ƙofa, an cinye abin da ke firiji, Malam Lawali yana ihu wai teyatur, wato wasan dandamali, ba wasan yara ba ne. Na yi ta mita, kuma ban janye ko ɗaya ba. Amma akwai abin da ban gaya maka ba. Nakan zauna a kan matakala, inda ba ka ganina, in ji kana nuna wa Ummi bambancin baki da baƙi, tana dariya tana sake kuskurewa. Ranar da na fara jin ta rera baiti guda da Hausa ba tuntuɓe, na koma sama na shiga banɗaki na kunna famfo don kada a ji kukana. Ban gaya maka ba don na san za ka ɗauka na sallama a gardamarmu. Ban sallama ba. Muryar 'yata na ji.

Waƙoƙin duk ka yi su, ka koyar da su, sai ta ƙarshe. Duk wanda ya tambaye ka sai ka nuna kanka da yatsa ka ce tana nan tana dahuwa. To ina take? Da ita aka binne ka?

Da safe abin ya faru. Ka sauka daga jirgin ƙasa za ka ofis, ka zauna a kan benci, ba ka tashi ba. Wata mata da ba ta san ko sunanka ba ita ta kira motar asibiti. Kafin in iso asibitin an lulluɓe ka. Ba waƙa, ba wasiyya, ba ko kalma ɗaya. Na yarda da hukuncin Allah, ban ja da shi ba, astagfirullah. Kwana ne ya ƙare. Da kai nake.

Ana cikin zaman makoki Malam Lawali ya yi suɓutar baki. Yana kuka yana cewa ai ya gaya maka ka ga likita tun ranar da ƙirjinka ya riƙe a sitidiyo. Na ce wace rana? Na ga idanu suna sauka ƙasa. Ashe tun kafin azumi kake fama. Ashe ka taɓa tsayar da mota a gefen hanya Faruku ya karɓi tuƙi. Ashe Dokta Bashir ya ce ka zo ya duba ka, ka ce sai an gama wasa. Rabin matan da ke amshi a gidana, suna cin abincina, sun sani. Kowa ka roƙe shi kada ya gaya wa Maman Ummi, wai aiki ya yi mini yawa, wai zan tayar da hankalina.

Ni? Ni da nake auna jinin baƙi tun safe har yamma? Abin awon yana cikin jakata, jakar tana rataye a bayan ƙofar ɗakin da kake kwana. Jimla ɗaya ce, Baban Ummi. Ƙirjina na ciwo. Me za ta rage ka da shi? Ka yi shekaru kana kare yarinyar nan a gabana, kana cewa ƙauna ce ta sa ta yi shiru. Ban sani ba ko daga wurinta ka koya, ko dama halinku ne ɗaya shi ya sa kake sonta. Abin da na sani shi ne wanda aka ɓoye wa ba ya jin an so shi, ji yake an raina shi. Saurayin ma an ba shi lokaci ya iso ya ji bayani. Ni ban samu ko wannan ba.

Da na fita takaba na ɗauka maganar wasa ta bi ka. Sai ga Malam Lawali da tawaga, wai za a yi shi don tunawa da kai. Na ce su yi abin da suka ga dama, amma ba a gidana ba. Ummi ta dube ni ta ce, to a ina, a nan ne Baba ya bar shi. Takalma suka dawo ƙofa.

Nan rigima ta tashi a kan ƙarshen da ba ka bari ba. Dokta Bashir ya ce a kai Dije asibiti ta warke a ɗaura aure, don yara su san tarin fuka yana jin magani. Maganata ce ta shekara da shekaru, amma da na ji ta a bakinsa sai ta yi mini lami. Hajiya Rabi ta ce in dai mutuwar za a yi, ta yi kalmar shahada ta yi shiru kamar 'yar Musulmi, ina aka taɓa jin mai gargara tana waƙa. 'Yan mata suka ce a rufe da rawa irin ta Indiya. Malam Lawali ya bugi tebur ya ce bon da Faransancinsa, ko a yi yadda marigayi yake so, ko ya kwashe wayoyinsa ya tafi. Aka ce to yaya marigayin yake so? Sai duk suka juyo suna kallona. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina zagin abin nan, ni aka mayar mai fatawa a kansa. Ka ga inda ka bar ni?

Na faɗa musu abin da na san za ka faɗa, da kalmominka, har da yadda kake ɗaga yatsa. Ina faɗa ina jin haushin kaina, ina jin haushinka. Aka tsaya a kan Dije za ta mutu, kuma za ta yi waƙa. Saura wa zai rubuta.

Malam Lawali ya gwada, ya kawo wata mai cike da kalmomin da ko ni sai na tambaya. Ummi ta karanta ta ajiye. Daga nan ta fara yi mini tambayoyin da ban gane kansu ba. Muna mota za mu shagon 'yan Afirka a Wheaton ta ce, Mama, yaya ake cewa mutum ya tafi bai yi sallama ba? Ina yanka kuɓewa ta ce, kewa da bege abu ɗaya ne? Wata rana ta kira ni ina wurin aiki don kawai ta ji yaushe ake cewa ka yafe mini, yaushe ake cewa ki yafe mini. Na bayyana mata a tsaitsaye, ta maimaita mini har ta tabbatar. Na ɗauka aikin makaranta ne. A wurin gwaji ba ta bar kowa ya ji waƙar ba sai Malam Lawali.

Ranar wasan aka zaunar da ni a layin gaba. Ba zan yi maka ƙarya ba, abubuwa da yawa sun lalace. Makirufo ya yi ta kuka. Kwale-kwalen kwali ya karye gida biyu tun a fitowar farko, uban Dije ya ci gaba da tuƙa rabi. Hajiya Rabi ta shigo da amshi kafin lokaci, ta ja sauran matan suka tona asirin Dije tun ba ta yi ƙaryar ba. Amma mutane sun bi labarin. Da aka saki taken attajirin, wata tsohuwa a bayana ta ce ga ɗan banzan nan ya dawo, tun bai fito ba. Da kana nan da ka taɓo ni da gwiwar hannu, kuma da na ture ka.

Sai aka zo ƙarshe. Aka shimfiɗa tabarma, Ummi ta kwanta, Faruku ya durƙusa ya tallabe kanta. Matan suna can gefe suna guɗar buɗe gada ƙasa-ƙasa. Ta fara. Ba zan rubuta maka waƙar ba, ba zan iya ba. Kalmomi ne gajeru, irin na yara. Dije tana cewa tsoro ne ya rufe mata baki. Tana cewa ta ɗauka akwai sauran lokaci. Tana cewa da ta faɗa tun farko, da aƙalla an yi sallama. Da ta zo baitin ƙarshe, maimakon ta ce wa Faruku ka yafe mini, sai ta ce ki yafe mini. Na ji wasu a baya suna 'yar dariya, wai 'yar Amurka ta mayar da namiji mace. Ta sake faɗa, haka dai. Ni na koya mata bambancin da bakina, na san ba kuskure ba ne. Kuma ba Faruku take kallo ba. 'Yarka ta zauna ta rubuta maka abin da ya kamata ka gaya mini, ta rera mini shi a gaban jama'a.

Ta gama, hannunta ya zame daga kafaɗar Faruku ya faɗi a kan tabarma. Wa ya koya mata sakin hannu haka? Na sha ganin wannan faɗuwar hannun a gadon asibiti. Sai Hajiya Rabi ta fito da farin mayafi, abin da ba wanda ya gaya mini za a yi, ta lulluɓe ta har fuska. Na san wasa ne. Na san kwali ne da tabarmar ɗakinmu. Amma ban san sa'ad da na tashi ba. Na hau dandamalin nan da takalmina, na ture Faruku, na yaye mayafin, na kama wuyan hannunta ina neman bugun jini. Ta buɗe ido ɗaya ta ce mini ƙasa-ƙasa, da Turanci, Mama me kike yi, ki sauka. Na ƙi. Na ɗago ta na rungume ta, na ce ba inda za ki.

Makirufon yana manne a wuyan rigarta, kowa ya ji. Can sai tafi ya ɓarke, mata na guɗa, wasu na kuka. Sun ɗauka haka aka tsara. Wani bawan Allah daga Baltimore ya zo yana gaya mini wai marigayi ya yi basira da ya sa uwa ta shigo a ƙarshe. Dije fa ba ta da uwa! Tun a waƙar farko aka ce ta rasu. Dokta Bashir yana ta murna wai ra'ayinsa aka bi. Malam Lawali kuwa ya naɗe wayoyinsa yana magana shi kaɗai da Faransanci.

Ummi kuwa ta yi fushi, irin naka na shiru. A mota ba ta yi magana ba sai da muka shigo layinmu. Ta ce wata da watanni tana shirya wannan mutuwar. Ta ce ita ce kaɗai hanyar da ta samu ta raka ka, tunda ranar jana'izarka tana hanya daga makaranta, ba ta same ka ba. Ta ce saura ƙiris a rufe labule, na kasa ba ta ko wannan. Na ce ita ma ba ta gaya mini za a rufe mata fuska ba. Na ce a gidan nan kowa ya iya shirya abu a bayana, ni ce kullum ta ƙarshen ji. Ta shige ɗakinta, washegari ta koma makaranta.

To ka gaya mini, wa ke da gaskiya? Kai ne kake shiga ɗakinta ka ce Mamanki ta gaji ne, ka fito ka ce mini yarinya ce. Yanzu wa zai yi wannan zirga-zirgar?

Sauran labarin gida ba yawa. Innarka tana nan a Yawuri, ƙafar ce dai. Har yanzu takan kunna rediyo lokacin shirinka, ta ce wanda aka sa a wurinka sauri yake kamar ana korarsa. Yakuwar da ka shuka a bayan gida ta fito da kanta bana, bareyi sun cinye rabi. Motarka Ummi ke ja, ta riga ta goge mata gefe. Famfon kicin da ka ce za ka gyara yana nan yana ɗiga.

Jiya da yamma Ummi ta kira. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Ta ce mutanen Springfield sun roƙa a maimaita wasan a wurinsu bayan Babbar Sallah, kuma ta amsa. Ta kafa mini sharaɗi: a layin baya zan zauna, kusa da ƙofa, matar Malam Lawali na riƙe da hannuna, kuma Dije za ta mutu har a rufe labule. Na ce mayafin fa? Ta ce za a tsayar da shi a kafaɗa. Na ce zan zauna. Ban yi mata alkawarin zan kalla ba.

Maganar yafiya kuwa, 'yarka ta roƙa maka, kuma ba zan mayar da ita hannu wofi ba. Na yafe, duniya da lahira, don ba na so a tsare ka a can saboda hakkina. Amma haushin bai tafi ba, kuma kada ka sa ran zai tafi bana.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa mu a inda za ka zauna ka ji sauran da kunnenka.

Matarka,
Maman Ummi